Wankan Iya Tasalla

To, ku gyara zama. Wannan ba ta dariya ba ce, kuma ba mai tashi sai an raba mini gardama.

A wani gari an yi wata tsohuwa, Iya Tasalla, ita ke wanke gawar mata. Sa'o'inta kaf ta hannunta suka bi. Ta san abin da mai wanka ke gani, shi ya sa ta sha gaya wa 'ya'yanta uku, Lantana da Basira da Kyauta: "In na mutu, hannu ɗaya zai taɓa ni. Ni zan faɗi ko na wa." Kowaccensu kuwa tana son wannan albarka kamar ranta.

Tsufa ta gwiwa ya fara kama ta. Ta kwanta, kwanciya ta jawo gyambo a baya, ƙuda ya fara bin ta. Tasalla ta san warin nan, ta sha jin sa a ɗakunan da ake kiranta, sai ta tsorata. Lantana, babbar, mai aiki a shagon magani, ta zo da ƙwayar kashe ciwo, ta tsaya a kanta safe da yamma har ta miƙe. Gyambo ya warke, tsohuwa ta koma cin kasuwa da ƙafarta. Ba don Lantana ba, da a tabarmar nan aka naɗe ta.

Ashe ƙwayar da ta saki gwiwa tana can tana cin ƙoda a ɓoye. Fitsari ya ɗauke, fuska ta kumbura. Basira ta goya ta har tasha, ta bar miji da yara ta tare da ita a asibitin birni, ana tace mata jini da na'ura. Da jinin ya yi ƙasa, nata ta bayar. Likitan tsofaffi ya ce mata: "Baiwar Allah, jikin tsoho ɗakin ƙasa ne da damina, ka toshe nan, ruwa ya nemi can. Ba gishiri, ba kanwa, ba daddawa." Basira ta kiyaye, ko uwar na kuka ba ta saki ba. Ba don ita ba, da Tasalla ba ta ga wata shekara ba.

Amma abinci lami ya ƙi shiga. Naman jiki ya zube, hankali ya bi shi. Tasalla ta wayi gari ba ta san alƙibla ba, tana tambayar Basira 'yar gidan wa ce. In hankalin ya ɗan leƙo, tsoronta ɗaya: kar ta tafi bakinta ya manta kalmar shahada. Kyauta, autar, ta je ta ɗauko ta da faɗa, ta dawo da ita gida. Ta tuƙa mata tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa da gishiri, ta kwantar da ita inda take jin ladanin unguwa da hirar maƙwabta. Hankali ya dawo, ta kira kowa da sunansa, ta rama sallolinta. Gishirin kuwa ya tara ruwa, ruwa ya hau ƙirji, zuciya ta gaza.

Wata rana da hantsi ta ji lokaci ya yi, su uku suna durƙushe a gabanta. Ta dube su, tausayi ya kama ta, don ta ga kowacce ta raya ta, kowacce kuma ta sa hannu a haƙa kabarinta ba da sani ba. Lantana ta ce: "Inna, hannun wa?" Numfashin da ya rage bai isa suna da shahada ba. Ta yi shahada.

Yanzu ga ruwa ya yi ɗumi da ganyen magarya a ciki, maza a zaure suna aikowa a hanzarta, rana na yi. Su uku suna bakin ƙofa, ba mai kallon 'yar'uwarta. Kada wani mai wayo ya ce mini su shiga tare, mai jikin ta hana. To, ta gwiwa, ko ta ƙoda, ko ta hankali, wace ce za ta ɗaga labulen nan ta shiga?