Fitilar Waya da Idon Ɗigo

Akwai wani mai gyaran waya da ake kira Injiniya. Hannunsa na da kyau, amma fa ba a gaya masa magana. Matarsa ta haifi bakwaini, 'yar mitsitsiya, har suka laƙaba mata Ɗigo. Sati biyar ta yi a kwalba.

Kafin a sallame su, likitar ido ta sa wani ɗan ƙarfe ta buɗe idon jaririyar, ta haska ciki. Ɗigo ta tsala kukan da Injiniya ya ji har cikin ƙashinsa.

Likitar ta ce, "Jijiyoyin jinin bayan idonta ba su gama tsirowa ba, kuma sun fara karkacewa. Ku dawo da ita bayan sati ɗaya. Kada ku ƙara ko kwana."

Suna fita ya ce, "Wallahi ba mai sake sa wa 'yata ƙarfe a ido."

Ranar komawa, matar ta shirya tsaf. Shi kuwa gogan naku sai ya kunna fitilar waya ya haska wa Ɗigo fuska. Ta runtse ido.

"Kin gani? Ras take gani! Ni da nake gane mataccen sikirin daga nesa?"

"Baban Ɗigo, cewa likitar ta yi a bayan ido ciwon yake, ba a gaba ba. Ni dai gabana faɗuwa yake."

"Ajiye mayafin nan."

Ta ajiye. Sati ɗaya ya zama wata biyu.

Wata safiya tana yi wa Ɗigo wanka, sai ta ƙwala masa kira. A tsakiyar ƙwayar idon hagu, wani abu fari ya fito. Innalillahi! Injiniya ko takalmi bai tsaya nema ba, suka garzaya asibiti.

Likitar ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "Haka ciwon yake tafiya a ɓoye. Jijiyoyin su karkace, su yi tabo, tabon ya ja tantanin gani har ya ɓanɓare shi. Na hagu ya ɓanɓare. Na dama za mu yi masa aiki da hasken leza yau ɗin nan."

Injiniya ya ce, "Likita, da mun zo ranar fa?"

"Da yardar Allah, da biyun muka ceto."

Matarsa ta rungume Ɗigo ta juya masa baya. Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

An ceto na dama. Yanzu Ɗigo shekararta uku, tana sa tabarau mai kauri. In ya kira ta daga hagu, sai ta juyo da kanta gaba ɗaya tana neman inda yake, shi kuma ya sunkuyar da nasa.

Darasi: Idon bakwaini kan yi fes a waje alhali yana lalacewa a ciki. Gwaninta a sana'arka ba ta mai da kai likita. In an ba ka ranar duba ido, kada ka ɗaga ta. Ku tura wa duk mai jariri a kwalba, ƙila ku ceci idon wani.