Zoɓon Ranar Tunawa da Matuƙa

Akwai wani ɗan Kano mai suna Muhsin da ya buɗe ƙaramin kamfanin abin sha a Al Muraqqabat, cikin Dubai. Zoɓo, ruwan citta, kunun aya, duk a kwalba. Sunansa ne a jikin kaya, amma mai dafawa Kulsum ce, 'yar Zongon Kumasi, wadda bizarta ke hannunsa. Da wannan aikin take riƙe da mahaifiyarta a gida.

A shekarar 2013, wani sansanin sojan sama da ke bayan gari ya shirya taron tunawa da matuƙan jiragen yaƙi da suka rasu a bakin daga. Aka nemi ƙananan kamfanoni su kawo kaya a sayar, abin da aka samu a tallafa wa marayunsu.

Muhsin ya yi wuf ya karɓa, har ya sa aka buga hoton kowane matuƙi a jikin kwalba. Kada ku ɗauka tausayi ne. Hoto yake so da manyan hafsoshi, a kuma ba shi kwangilar kantin sansanin.

Ana jibi taro, wani gidan abinci a Al Rigga ya dawo masa da jarka uku na zoɓo. Firjinsu ya mutu, zoɓon ya sha zafi har ya gaji. Kulsum na buɗe murfi sai tsami ya daki hancinta.

"Alhaji, sobolon nan ya juya. Zubarwa za a yi." Sobolo, haka ake kiran zoɓo a Kumasi.

"Ƙara masa sukari ki ɗura, khalas, shi ke nan. Sadaka ce, wa zai yi ƙorafi?"

"Sukari ai abincin tsami ne. Ka ƙara ka toshe, zafin garin nan zai mai da shi giya. Kuma a kwalba mai hoton mamaci? Haba, Alhaji!"

"Ke! Ni na kawo ki Dubai. In na soke bizarki, jibi a Kumasi za ki karya kumallo."

Kulsum ta tsorata, ta tuna tsohuwarta. Amma ƙyamar abin ta fi tsoron ƙarfi. Ta cire safar hannun da take aiki da ita kullum, ta ajiye.

"Ba dai da hannuna ba."

Gogan naku ya naɗe hannun riga, ba safa ba komai, ya dama sukari, ya tace, ya ɗura da kansa. Kumfa na tashi yana kwashewa da yatsa. Tir da wannan hali! Kulsum sai da ta fita waje ta tofar da yawu.

Ranar taro dole ya tafi da ita, domin sunanta na cikin takardar shiga tun tuni. Da safe ta sa safar hannunta ta dafa sabon zoɓo daga nata na ɗaki, ta cika kula, tana zuba wa marayu kyauta. Kwalaben Muhsin kuwa suna jere a tebur, rana na dukansu.

Aka karanta sunayen mamatan, aka ce kowa ya yi shiru na minti ɗaya.

Fau!

Murfi ya tashi sama. Fau! Fau! Sojoji suka zabura, yara suka sa kuka. Jan ruwa ya riƙa malala a kan hotunan, warin giya ya cika rumfar.

Wata dattijuwar Balarabiya, mahaifiyar ɗaya daga cikin matuƙan, ta ɗauki kwalba mai fuskar ɗanta. Ta goge hoton da gefen mayafi.

Wani babban hafsa ya taho fuska a murtuke. "Wa ya haɗa wannan?"

Muhsin ko kunya babu ya nuna Kulsum. "Ita ce mai dafa mana, ranka ya daɗe."

Kulsum ta dubi hafsan. Ta ga kurkuku, ta ga jirgin komawa gida hannu rabbana.

Sai dattijuwar ta ɗago. "Jikokina sun sha na cikin kularta, ni ma na sha. Shekara hamsin ina dafa karkade," wato zoɓo a bakin Larabawa, "na san ba ya barin farcen wanda ya taɓa shi. Yalla, ku nuna hannuwanku."

Kulsum ta miƙa nata, tas. Muhsin ya cusa nasa a aljihu. Da hafsa ya daka masa tsawa ya fito da su, ga farata goma jajawur.

Ba a yi wata ba aka rufe kamfanin. Kantin sansanin ya ɗauki Kulsum aiki, bizarta ta koma can. Shi ma Muhsin tun ranar taron ya sami hoton da yake ta nema da sojoji: ɗaya a dama, ɗaya a hagu, suna riƙe da shi zuwa bakin ƙofa.

Darasi: Abin da ba za ka iya kai wa bakinka ba, kada ka miƙa wa maraya da sunan sadaka. Kuma kada tsoron rasa abinci ya sa ka tsoma hannu a ƙazanta, mai ba da arziki ba ya soke biza. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani na shirin ɗura nasa tsamin.