Sabarar Mamunatu

Akwai wata mata a Zongon Wagadugu, sunanta Mamunatu. Mahaifinsu ya rasu ya bar musu lambu a bakin baraj, wato madatsar ruwa, ita da yayanta Abdulganiyu mai sayar da atamfa. Ita ke nomawa, shi ke yanke magana.

Abin da ya fara yi shi ne ya sa aka sare sabarar da tsohon ya kewaye lambun da ita, aka ja waya. Wai ɗan birni ba ya shinge da itacen daji, abin kunya ne.

Tun daga nan kabewa da kankana suka lalace. Su yi fure, furen ya zube, babu ɗa. Abdulganiyu ya ce ƙasa ta mutu, zai ba masu buga bulo filin. Mamunatu ta roƙi damina biyu, ya ba ta yana dariya.

Ta ƙara taki, ta ƙara ruwa, a banza. Wata safiya tana tsugune cikin kabewa sai ta lura da shirun. Da, in sabara ta yi fure, kukan ƙudan zuma har hana mutum jin sallama yake. Yanzu ko ɗaya babu. To wa zai kai garin wannan fure zuwa wancan?

Ta hau ɗan babur ɗinta mobilet ta wuce unguwar Tampuy, ta haƙo ƙananan sabara ashirin. Da ta bi ta Zongo da su, yayanta ya leƙo daga shago.

"Mamu, kin zama mai magani ne? Ko akuya ba ta shuka abin nan."

"Yaya, damina biyu ka ce. Ɗaya ba ta ƙare ba."

Sha bakwai suka bushe. Ba ta yi kuka ba, don kuka ba ya shayar da shuka. Ukun da suka rage ta riƙa lanƙwasa rassansu, ta binne tsakiya, ta danne da dutse, har kowane reshe ya yi saiwa. Ta kuma daina fesa maganin ƙwari lokacin fure, ta zauna wa maƙwabcinta Boukari a kai har shi ma ya daina.

A shekara ta biyu sabara ta yi furenta mai ruwan ɗorawa. Ƙudan zuma suka dawo, kabewa ta kama.

Ranar da Abdulganiyu ya zo da mai bulo don auna fili, sai da suka riƙa tsallake kabewa kafin su iske ta. Mai bulo ya duba, ya yi sallama ya tafi. Yayan ya tsaya yana gyara hula, ya ce ai dama ya san ƙasar tana da kyau.

Mamunatu ta miƙa masa fartanya, ta nuna gabas inda har yanzu waya ce kawai.

"Can ya rage, Yaya. Tuɓe rigar, za ta yi datti."

Ya tuɓe.

Darasi: Kada ka sare abin da ba ka san aikinsa ba don kawai ba shi da kyan gani. Idan kuma an riga an sare, surutu ba ya mayar da shi, sai hannu da haƙuri. Ku tura wa ’yan’uwanku, musamman masu saurin ɗaukar gatari.