Farin Alli a Jikin Tsohon Inji

An yi wani mutum mai tsohuwar mota, gadon mahaifinsa. Mahaifin mai bishara ne, ya yi shekara talatin yana ɗauko marasa lafiya a cikinta daga ƙauyukan kan dutse zuwa asibiti. Da ya rasu, ɗan ya riƙe ta, yana wanke ta duk Asabar. Amma injin ya gaji. Yana shan baƙin mai, yana fitar da shuɗin hayaƙi, in motar ta zo hawa sai ta yi tari ta mutu.

Ana saura mako uku a yi godiyar kaka a ƙauyensu, mahaifiyarsa, wadda ta tsufa ƙwarai, ta kira shi.

Ta ce, "Ka kai ni gida bana in ga kabarin babanka. Ban sani ko zan ga baɗi ba. A motarsa kuma nake so, ita ta kawo ni garin nan."

Ya ce, "Inna, motar nan ba ta iya hawan dutse yanzu."

Ta ce, "Ni ma ba na iyawa, ba ku yar da ni ba. Je ka nemi dabara."

Sai ya ja motar zuwa garejin wani tsohon bakanike, Baba Zakka. Suka sauke injin, suka warware shi har saura gangarsa, wato babban ƙarfen nan mai ramuka huɗu inda fistin yake hawa da sauka. Ramukan sun cinye, jikin ya yi baƙi ƙirin.

Suna cikin dubawa sai ga mai sayar da kayan mota na maƙwabta ya turo amalanke, da injin kwatano, wato na hannu daga ƙasar waje, a kai, ya sha jan fenti yana ƙyalli.

Ya ce, "Yallaɓai, kwana biyu a ɗaura maka wannan. Wancan gawayin a ba 'yan gwangwan su auna."

Zuciyar mutumin ta rabu biyu. Ya tambayi Baba Zakka kwana nawa gyara zai ci.

Baba Zakka ya ce, "Goma sha takwas, ɗana, in gangar ba ta tsage ba. In ta tsage, hannuna ba zai iya ba. Amma kada mu yanke wa ƙarfe hukunci ba mu tambaye shi ba."

Ya wanke tsohuwar gangar da kananzir, ya bari ya ratsa ta, ya goge ta tas da tsumma. Ya daka farin alli ya shafe ta da shi. Gama in akwai tsaga, ko ta kai siririn gashi, kananzir yakan ɓuya a ciki, ya fito ya ɓata allin. Sa'an nan ya bi jikin jan injin da babban yatsa, ya tsaya inda fentin ya fi kauri.

Mai kayan ya ce, "Baba, za ka ɓata mini kwalliya."

Baba Zakka ya ce, "Faɗin tafi kawai zan kankare. In lafiyarsa ƙalau, ni zan saya maka fenti."

Ya kankare fentin, ya yi wa wurin kananzir da alli yadda ya yi wa tsohuwar gangar. Suka ajiye su biyu a rana, suka zauna a inuwa.

Da rana ta take tsaka suka tashi. Tsohuwar gangar tana nan fari fat, ko ɗigo babu. A jikin jan injin kuwa ga wani baƙin zare ya fito, tsawon yatsa.

Mai kayan ya ce, "Ni ma haka na sayo shi." Ya tura amalankensa ya tafi.

Aikin bai yi sauƙi ba. Aka fafe ramukan, aka zura musu sabon ƙarfe, aka sa wa fistin sabbin zobba, aka ɗaure kowane noti daidai gwargwadonsa. A rana ta goma sha takwas aka murza makulli, injin ya tashi, ba hayaƙi.

Ran Lahadi da sassafe suka kama hanya a hankali, Inna a kujerar gaba da ƙwaryar gero a cinya. Da suka iso gindin dutsen, mutumin ya sa giya ta biyu. Motar ta ɗauki hawan ba tari, ba tsayawa, har suka fito sarari. Tsofaffin ƙauyen suka gane ƙararta tun ba su gan ta ba. Suka fito ƙofar majami'a suna cewa, "Motar mai bishara ce." Mata suka rangaɗa guɗa. Inna ta kai geronta na godiya gaban jama'a da hannunta, daga baya ta zauna a gefen kabarin mijinta har ta gamsu.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Tsohuwar gangar ita ce mutumin da hidima da shekaru da baƙin ciki suka cinye, har shi kansa ya ɗauka amfaninsa ya ƙare. Jan injin shi ne abin da yake burge ido alhali cikinsa a tsage yake. Allin nan Maganar Allah ce, ba ta duban fenti. Na ga dattawa da yawa da aka ture gefe don muryarsu ta dushe, wasu har suka tafi ba wanda ya gwada su. Kada mu sake yin haka. Kai kuma da kake jin ka gaji, gajiya dabam, tsagewa dabam. Bakanike ya ce tsaga ta fi ƙarfin hannunsa, amma ba ta fi ƙarfin hannun Ubangiji ba. Ka miƙa kanka ya wanke, ya fafe, ko da zafi. Akwai dutsen da za ka hau tukuna, akwai kuma wanda yake jira ka kai shi gida.