Ambulan ɗin Manaja Sallau

Wani manajan banki ne a Funtua, Sallau, ya shahara wajen korar masu neman aiki. Ranar da ake ɗaukar kashiya, ya ajiye rufaffen ambulan a tebur. Mutum shida suka shiga suka fito suna share gumi. Sai Barira, mai sana'ar POS a bakin kasuwa.

Sallau ya ce, "Albashinki na cikin nan. Faɗi nawa ne. In kin haura, kin cika kwaɗayi. In kin gaza, ba ki san darajar kanki ba. Ko wanne, ga ƙofa."

Barira ta gyara mayafi. "Yallaɓai, in mutum ya miƙo ƙunshin kuɗi a rufe, kashiya ta rubuta adadi ba ta buɗe ba, ya kuke yi da ita?"

"Kora, a ranar!"

"To, ashe so kake ka kore ni tun ban fara ba. Buɗe mu gani."

Sallau ya yage ambulan, ya zaro takarda. Naira dubu ɗari da ashirin aka rubuta.

Barira ta tura masa takardar. "Ba su cika ba. A tallar da kuka manna a ƙofa, dubu ɗari da hamsin kuka rubuta. In kuɗin mai ajiya suka gaza abin da ya rubuta, me kuke ce masa?"

Sallau ya sosa ƙeya. "Ya ciko."

Ta miƙa masa biro. "To, Yallaɓai, hanzarta. Akwai layi a bayanka."