Itacen Haihuwar Sarki Sorin

A zamanin da, can ƙetaren teku, a wata ƙasa mai duwatsu da sanyi, an yi wani sarki mai suna Sorin. Hukuncinsa ɗaya ne: ɓarawo ko maci amana, a fiƙe itace a tsire shi a bakin hanya. Ba wanke shi zan yi ba, amma ina tausayinsa. Yana ɗan shekara goma uban ya miƙa shi garkuwa ga wani babban sarkin gabas. Ya shekara goma sha biyu a tsare, ba wanda ya leƙo shi, ya dawo ya tarar fadawa sun kashe uban. Daga nan bai ƙara yarda da kowa ba.

Wata rana aka kawo ƙarar wani ƙauye, wai sun ba abokan gaba hatsi. Sarki ya ce a tsire magidanta arba'in.

Waziri Kalin ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, dogayen itatuwa sun ƙare a daji. Saura kurmin haihuwa na ƙauyen, shi kuwa ba mai sa masa gatari sai sarki na tsaye." Da gangan ya faɗa, don ya san abin da sarki zai tarar a kurmin.

Al'adar ƙasar, in an haifi ɗa, uba ya dasa masa itace, ran da ya mutu a sassaƙa masa makara da shi. Wanda ya ɓace kuma itacensa ya bushe, matacce ne, sai a raba gadonsa.

Sarki ya shiga kurmin, ya nuna itacen da ya fi kowanne miƙewa, ya ce a fara da shi. Sai wata tsohuwa, Ilinka, ta rarrafo ta durƙusa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, naka ne. A ƙauyen nan aka haife ka. Da aka tafi da kai, fadawa suka zuba masa gishiri don ya bushe su cinye sarauta. Mu muka kwashe ƙasar da hannu, muka riƙa hauro masa da ruwa daga kwari, gida-gida, har ka dawo."

Sarki ya ce, "Ku da wa, iya?"

"Ga su can a ɗaure."

"Hatsin fa?"

"Da takobi a wuya aka karɓa. Ba wanda ya tambaye mu."

Sarki ya dafa itacen. Can ya ce, "Ashe akwai masu jirana." Ya sa aka kwance su, ya hana a sake hukunta kowa ba a ji ta bakin wanda ake zargi ba.

Waɗanda ya riga ya tsire ba su dawo ba, kuma da su duniya ke tuna shi. Amma ran da ya faɗi a fagen yaƙi, fadawa suka watse suka bar gawarsa, mutanen nan arba'in ne suka sare itacen, suka sassaƙa masa makara, suka ɗauko shi a kafaɗa.