Izinin Mai Duka

A wani zamani da ya shuɗe, an yi sarki mai alfahari da alƙalinsa, Malam Mu'allayidi, don shekara bakwai babu macen da ta kawo ƙarar mijinta. Har ya sa a ɗinko wa alƙalin alkyabba. Amma Waziri Jatau ya kasa zaune ya kasa tsaye, ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, a fara tambayar Gwamma mai ɗori."

Tsohuwa ta iso tana huci, riƙe da wata mata mai suna Tasalla, wadda hannunta ke ɗaure da karare. Ta ce, "Allah ya ja zamaninka, ɗori na uku ke nan. Kullum sai a ce faɗuwa ta yi a bakin rijiya. Ni na san karayar faɗuwa, na san ta taɓarya! In ta koma gidan nan, gawarta za a fito da ita."

Sarki ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. "Baiwar Allah, me ya hana ki zuwa wurin alƙali?"

Tasalla ta ce, "Na je sau biyu. Ya ce matar aure ba ta shiga zaurensa sai da izinin mijinta."

Alƙali ya gyara rawani, ko kunya babu, ya ce, "Haka muka gada."

Waziri bai yi musu ba. Ya ƙyafta wa wani dogari ido, dogari ya zuba wa alƙali bulala a gadon baya. Wayyo! Malam ya daka tsalle. "Ranka ya daɗe, ina ƙara!"

Waziri ya ce, "Sannu, Malam. Ka nemi izinin dogari tukuna."

Dogari ya ce bai yarda ba, ya ƙara masa ta biyu. Duk fada babu wanda ya yi dariya.

Nan take sarki ya tuɓe alƙali, ya soke wannan al'ada, ya sa aka kamo mijin aka ɗaure, aka raba auren. Sannan ya dubi Tasalla, ya ce ta roƙi abin da take so.

Ta ce, "A aika gidan da ke jikin namu. Yau kwana uku ban ji kukan maƙwabciyata ba, shirun nan kuwa tsoro yake ba ni."

Sarki bai aika kowa ba. Da kansa ya tafi, ko takalmi bai tsaya sawa ba.